Kayan cire lotsawar mota a gida: abin da bidiyon daƙiƙa 40 ba ya nuna maka

Duk wanda ke yawan leƙa TikTok ko Facebook, in dai ya taɓa neman wani abu da ya shafi mota, da wuya a ce bai ci karo da tallan nan ba: wani ɗan akwati mai ɗauke da bindigar gam, da wasu 'yan robobi masu kama da maɓallin riga, da wani ƙarfe mai siffar gada da ake murɗawa. A cikin bidiyon za a nuna maka ƙofar mota ta lotsa, a liƙa roba, a murɗa, sai ka ji ɓas, ƙofa ta koma sumul kamar yau ta fito daga kamfani. Duka-duka daƙiƙa 40. Kayan suna nan birjik a AliExpress da Temu da Jumia, kuma galibi kuɗinsu bai kai abin da fanel-bita zai caje ka a kan ƙofa ɗaya ba.

Ra'ayina a kansu shi ne, suna aiki, amma a kan wata irin lotsawa guda ɗaya, kuma mai talla ba zai tsaya ya gaya maka wace ce ba. Wanda ya saya ya hau ja bai san bambancin ba, fentin motarsa ya saka a caca. Fentin nan kuwa ya fi lotsawar daraja nesa ba kusa ba.

Bari mu fara da fentin, tunda shi ne dukiyar. A kamfani, gangar jikin motar gaba ɗaya ake tsomawa cikin wani ƙaton tafkin sinadari, a sa wutar lantarki ta jawo fentin farko ya shiga kowane lungu da saƙo. Shi ne ke hana tsatsa. Daga nan sai fentin share fage, wanda masu fenti ke kira firama, sai launi, sai kuma wani mai sheƙi marar launi a can sama. Ana gasa su a tanda mai zafin digiri 140 zuwa sama, a lokacin da babu kujera, babu waya, babu roba ko ɗaya a jikin motar. Duk kaurinsu in an haɗa yawanci tsakanin maikiron 100 ne zuwa 180, wato bai wuce silin gashi ɗaya ko biyu ba. Babu garejin da zai iya maimaita wannan aiki ga motar da aka riga aka harhaɗa, domin zafin zai lalata robobi da wayoyin cikinta. Ko a manyan wuraren fenti masu ɗakin gashi, zafin ɗakin wajen digiri 60 ne. A yawancin garejinmu kuwa rana ce tandar, ƙura kuma tana sauka a kai yadda ta ga dama.

Shi ya sa dillalin mota, daga Kwatano har Kano, kalmar da yake fara jefa wa mai saye ita ce fes-bodi. Motar da ke da 'yar lotsawa a ƙofa amma fentinta na kamfani ne, an san tarihinta. Wadda aka sake wa fenti kuwa, mai saye zai fara tunanin ko haɗari ta yi aka rufe, sai ya rage kuɗi. Kuma yanzu ɓoyewar ta yi wuya, saboda akwai 'yar na'urar auna kaurin fenti da ake sakawa a aljihu. Ka ɗora ta a bodi, in ta nuna sama da maikiron 300 an san an ƙara fenti, in ta doshi 1000 to akwai fila a ƙasa.

Sai ƙarfen kansa. Ƙarfen ƙofa ko madigadin motar zamani kaurinsa wajen milimita 0.7 ne, kusan daidai da katin ATM ɗin da ke aljihunka. Ƙarfinsa daga siffar da aka buga shi da ita yake zuwa. In kana son ka fahimci halinsa, ɗauki gwangwanin lemo da babu komai a ciki. Danna shi a hankali ka saki, zai dawo da kansa. Danna shi da ƙarfi har ya yi layi, to ko ka tura shi daga ciki layin nan yana nan. Na farkon lanƙwasa ce ta wucin gadi, ƙarfen bai manta siffarsa ba. Na biyun kuwa ƙarfen ya miƙe ya sake hali, kuma daidai wurin da ya karye ɗin ya fi sauran jikin tauri. Kowace lotsawa a jikin mota gaurayen waɗannan biyun ce. Abin tambaya kawai shi ne wanne ya fi yawa.

Akwai kuma wani abu da ido ba ya saurin kamawa. Idan a-daidaita-sahu ya goga maka ƙofa, ko yara suka buga mata ƙwallo, ƙarfen da ya shige ciki yakan tura na gefensa ya ɗan ɗago, kamar ƙasar da ke taruwa a bakin rami. Wannan ɗan tudun shi ne makullin lotsawar. Muddin yana nan, tsakiyar ba za ta zauna daidai ba. Mai koyo ba ya ganinsa, sai ya yi ta jan tsakiya da ƙarfin tuwo, har ta fito ta wuce saitin bodi ta zama ƙurji. Rami dai ana iya haƙuri da shi, amma ƙurji a jikin baƙar mota daga nesa ake hango shi. Idan kuwa jan ya yi yawa har ƙarfen ya miƙe, sai wurin ya riƙa ɓas-ɓas kamar gindin gwangwanin madara, ka danna ya shiga, ka saki ya fito. Daga nan aiki ya bar hannunka, ya koma na mai wuta da fila da fenti. An yi gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Mu da muke rubuta manhaja mun saba da Ctrl+Z. Ka ɓata abu, ka koma baya, ko ka ɗauko tsohon kwafi. Wannan sabo ne yake sa mu yi wa kowace matsala kallon a gwada a gani. Ƙarfe ba shi da wannan maɓallin. Duk jan da ka yi ya zauna a jikinsa.

To ina batun dabarun da ba sa buƙatar sayen komai, irin su ruwan zafi da draya?

Ruwan zafi yana aiki, amma a bamba. Bambar motocin yanzu roba ce, yawanci irin wadda in ka duba bayanta za ka ga an buga PP. Wannan roba sai wajen digiri 160 take narkewa, saboda haka tafasasshen ruwa mai digiri 100 laushi kawai zai sa ta yi. Ka kwarara mata, ka zura hannu ta baya da tsumma ka turo, ka bi da ruwan sanyi ta sandare. Wannan dabara ce ta gaskiya, kuma ita kaɗai ce zan ce kowa na iya gwadawa. Sai dai a kula da 'yan na'urorin da ke liƙe a bambar wasu motoci, masu ƙara in za ka yi ribas, kada a fizge musu waya. Amma ka zuba wa ƙofar ƙarfe ruwan zafi, wanka kawai ka yi mata.

Ta draya da gwangwanin iska ita ce ta fi yawo a intanet. A gasa wurin da na'urar busar da gashi, sannan a kifa gwangwanin iskar da ake share kwamfuta da shi a fesa, wai sanyin zai sa ƙarfen ya tsuke ya fito. Mu yi lissafi. Ƙarfe yana buɗewa da kimanin maikiron 12 a kowace mita ɗaya idan zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Lotsawa mai faɗin santimita 10, ka ƙara mata digiri 50, abin da za ta motsa shi ne milimita 0.06. Silin gashi ɗaya ke nan. Wannan motsi zai iya tunkuɗo babbar lotsawa marar zurfi wadda da ma a kan gaɓar fitowa take, irin wadda ko da tafin hannu ka bugo ta daga ciki za ta fito. Ba zai taɓa wadda ta yi layi ba. Sannan a yawancin gwangwanayen nan gas ne mai kama wuta a ciki, wanda in an kifa shi yake fitowa ruwa-ruwa da sanyin kusan digiri 25 ƙasa da sifili. Yana ƙona fata. Wasu kuma in draya ta ƙi yi sai su ɗauko bindigar zafi, wadda ke iya haura digiri 500. Ita kam cikin ɗan lokaci za ta tafasa fentin, kuma ga gas a gefe.

Robar tsotso ma lissafinta a fili yake. Iskar duniya ce ke danne ta a jikin bodi, kuma nauyin iskar kusan kilo 1 ne a kan kowane murabba'in santimita. Roba mai faɗin santimita 12 za ta iya riƙe sama da kilo 100 a lissafi, amma a baje ƙarfin yake a kan fili mai faɗi. Ga lotsawa mai girman faranti, irin ta wanda ya jingina da ƙofa ko ya zauna a kan bonet, tana iya yi. Ga mai girman kwabo, lafiyayyen ƙarfen da ke kewaye kawai za ta ja. In ka ɗauko ƙarama mai santimita 5 kuma, iyakarta kilo 20, kafin ƙarfen ya motsa ta saki.

Me ya sa to a bidiyo kullum ake cin nasara? Domin manhajar da ke zaɓo maka abin kallo yawan kallo take ƙirgawa. Wanda ya gwada sau 10 ya dace sau ɗaya, ɗayan nan zai ɗora, kuma shi ne zai yaɗu. Babu mai ɗora bidiyon da fenti ya biyo gam. Ka kuma lura da inda suke ajiye kyamara: gaba da gaba da ƙofar, cikin haske mai yawa. A haka ko ƙofar da ta yi tudu da kwari sumul za ka gan ta. Lotsawa daga gefe ake ganinta, ta hanyar inuwar abin da ke haskawa a jikin fentin.

Wannan ne ya kawo mu ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci a aikin, kuma ba ya cikin akwatin da ake sayarwa: haske. Ƙwararrun masu cire lotsawa ba tare da fenti ba, ba sa kallon ƙarfen kai tsaye. Allo suke kafawa mai layuka baƙi da fari, ko doguwar fitila, su riƙa kallon hoton layukan a jikin fentin. Inda bodi yake daidai, layukan a miƙe suke. Inda ya shiga ciki sai su buɗe su yi kamar ido. Inda ya ɗago sai su matse wuri ɗaya. Da wannan ne suke ganin tudun nan na bakin rami da na faɗa. Ba sai ka sayi allon ba. Ka zana layuka baƙi da fari masu kauri a kwali, ko ka buɗe hoton layuka a fuskar laftof ko tablet ka ƙure haskenta, ka ajiye a gefen motar cikin inuwa, ka tsuguna ka kalla daga ɗaya ɓangaren. Ka yi wannan tun kafin ka yi odar komai. Sau da yawa a nan za ka gane abin da kake ɗauka 'yar lotsawa ce ashe tana da layi a tsakiya.

Idan ka duba ka ga lotsawar zagayayya ce, marar zurfi, a tsakiyar ƙofa ko madigadi, nesa da baki, fenti bai tsage ba, kuma ka tabbata fentin kamfani ne, to a nan kayan gam suke da amfani. Ka wanke wurin, ka goge da sifirit don kada maiƙo ya hana gam kamawa. Ka zaɓi robar da ta ɗan fi lotsawar ƙanƙanta, ka sa mata gam mai zafi, ka ɗora a tsakiya ba tare da ka danne har gam ɗin ya tsiyaye ba, ka ba shi 'yan mintuna. Sannan ka ja kaɗan-kaɗan. Ka ɗiga sifirit a gefen gam ɗin, zai saki da kansa. Kada ka kankare da wuƙa, kada ka kusanto da tina. Ka koma ga layukanka ka duba. Inda ya ɗago, ka ɗora ɗan sandan roba mai tsinin nan da ke cikin akwatin, wanda yawancin mutane ba su san amfaninsa ba, ka riƙa ƙwanƙwasawa a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Sai ka sake liƙawa, ka sake ja. Haka za ka yi ta yi, ja da ƙwanƙwasa, sau da yawa. Aikin awa ɗaya ne ko biyu, kuma in ka samu lotsawar ta ragu har sai an nema kafin a gan ta, ka tsaya nan. Wurin neman ta ɓace ƙurmus ne ake yin ɓarnar.

Yanayinmu ma yana da nasa hukuncin, wanda takardar cikin akwatin ba ta san da shi ba. Gam ɗin nan da zafi yake narkewa, da sanyi yake kamawa. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, bodin motar da ta wuni a rana ko hannu ba ka iya ɗorawa. Gam ba zai sandare a kai ba, zai yi ta saki kamar cingam, kai kuma ka ce kayan jabu ne. Da sanyin asubar hunturu kuma yakan bushe da wuri ya ɓalle, ga ƙura da ke sauka kafin ka ɗora robar. A yi aikin a inuwa, da hantsi, bodi ba zafi ba sanyi.

Sharaɗin fentin kamfani da na ambata shi ne inda muka fi shiga matsala, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin tallan nan ya fi haɗari a wurinmu fiye da ƙasashen da aka ɗauki bidiyon. Yawancin motocin da muke hawa na hannu ne, kuma da dama daga cikinsu, musamman masu zuwa daga gwanjon Amurka, da rauni suke isowa a gyara su a fesa musu fenti kafin su kai wurin dillali. Fentin da aka yi daga baya bai kama ƙarfe kamar na kamfani ba. Gam kuwa bai san bambanci ba, abin da ya kama shi zai taho da shi. Sai ka ja, ka ga faifan fenti da fila sun biyo robar, farin ƙarfe ya bayyana. Garin neman gira an rasa ido. Don haka in za ka kashe kuɗi a kan na'ura ɗaya, ni na fi ba ka shawarar ta auna kaurin fenti a kan akwatin gam. Za ta yi maka amfani yau, ta kuma yi maka ranar da za ka sayi wata motar. In babu, ka naɗe ɗan maganaɗisu a tsumma ka bi jikin motar da shi. Inda ka ji riƙonsa ya yi rauni alhali a gefe yana kamawa sosai, akwai fila. Ka kuma duba robar gilashi da bakin ƙofa, ko akwai burbushin feshi.

Idan maganaɗisun ya ƙi kamawa a ko'ina a jikin bangaren, mai yiwuwa alminiyom ne. Motoci da yawa bonet ɗinsu alminiyom ne, wasu kuma kusan duk jikinsu, kamar Audi A8, da Ford F-150 daga ƙirar 2015. Alminiyom ba ya son komawa siffarsa ta farko kamar ƙarfe, kuma yana saurin taurara in ana motsa shi. Ba wurin koyo ba ne. Haka lotsawar da ta hau kan layin adon bodi, ko ta bakin ƙofa inda ƙarfe ya ninku biyu, ko ta ginshiƙin da ke riƙe rufi. Idan kuma fenti ya riga ya tsage, maganar ja ta ƙare. Abin gaggawa a nan shi ne a rufe wurin da ɗan fenti kafin damina ta sa tsatsa ta shiga ƙarƙashi.

Akwai manyan akwatuna masu zuwa da dogayen sandunan ƙarfe da ake zurawa ta bayan bodi a turo lotsawar. Da su ƙwararru suka fi aiki, amma ni ban ga dalilin da mai mota ɗaya zai saye su ba. Cikin ƙofar motar zamani akwai gilashi, da injin ɗaga shi, da wayoyi, a wasu ma da na'urar da ke sanar da jakar iska cewa an yi karo. Ga shi kuma ba ka ganin bakin sandan, sai dai ka karanta inda yake daga motsin layukan haske, abin da ke ɗaukar watanni ana koyo. Turi ɗaya a wurin da ba daidai ba zai bar maka tsini a fenti.

Na san abin da wani zai ce: to in na kai wa fanel-bita ai shi ma fentin zai kashe. Wannan gaskiya ne, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da masu gwadawa a gida suke da ita. Hanyar da aka fi sabawa da ita a garejinmu ita ce a buga da guduma, ko a kankare fenti a yi walda a ja, a shafe da fila, a goge, a fesa. Ga motar da ta yi haɗari sosai wannan shi ne aikin, kuma muna da masu hannu ƙwarai a kai. Amma ga lotsawa mai girman ƙwai a kan fentin kamfani, asara ce. Sai dai mutane suna mantawa da zaɓi na uku, wato a bar ta. Lotsawar da fentinta bai fashe ba ba ta tsatsa, ba ta girma, ba ta ƙara shan mai. Za ta iya jira shekara guda har ka samu wanda ya iya, kuma in sayarwa za ka yi, da ita ɗin ma motarka fes-bodi ce.

Rashin masu iyawar shi ne giɓin da ya kamata matasanmu su duba. A Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma ƙanƙarar da ke zubowa daga sama a jihohi irin su Texas da Colorado ce ta ƙara raya ta, domin takan bar mota da lotsawa bila adadin, kamfanonin inshora kuma sun ga ya fi musu sauƙi a turo su ɗaya bayan ɗaya da a sake fentin mota gaba ɗaya. Mu ba mu da ƙanƙara irin tasu, amma muna da cunkoson babura da a-daidaita-sahu da wuraren ajiye mota inda ƙofa ke bugun ƙofa. Aikin ba ya buƙatar injin feshi ko babban gareji, kayansa a jaka ɗaya suke shiga, kuma darussansa suna nan kyauta a YouTube ga mai haƙurin kallon na minti 40 maimakon na daƙiƙa 40.

Ko don sana'a ko don motarka kaɗai, kada jikin motarka ya zama wurin gwajin farko. Mai rubuta manhaja ba ya gwada sabon abu a kan wadda mutane ke amfani da ita, yakan ware wani wuri daban inda in ta fashe babu wanda ya yi asara. Ka shiga Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka in kana Kaduna, ka nemi tsohuwar ƙofa ko madigadi, ko da wanda ya ɗan lalace ta wani gefen ne don ya yi araha. Ka jingina shi a bango, ka ƙwanƙwasa masa lotsawa da kanka, manya da ƙanana, ka kafa layukanka ka yi ta ja kana ƙwanƙwasawa har idonka ya fara rarrabe tudu da kwari. Wajen zaɓa ka nemi mai fentin kamfani, domin a kansa ne za ka ji ainihin yadda gam yake kamawa da yadda yake saki.